Maɓallin da Ya Tsare Baba Tela

Ɗakin aikinsa shi ne na ƙarshe a ƙasan ginin asibitin, bayan an wuce ɗakin wanki da ma'ajiyar tsofaffin gadaje. A jikin ƙofar an liƙa alamar nan mai ruwan ɗorawa da baƙaƙen fukafukai uku, wadda ko wanda bai iya karatu ba in ya gan ta sai ya ja da baya. Masu shara a bakin ƙofar suke tsayawa. Shi yake share abinsa da kansa.

Mai Awo ake ce masa. Wata nas ce ta laƙaba masa sunan tun yana sabon zuwa, ta yi ritaya ta tafi, sunan ya zauna. Aikinsa auna radiyeshan. Duk inda aka yi amfani da maganin da ke fitar da tiririn nan da ido ba ya gani, shi ke zuwa da na'urarsa ya ce lafiya ko ba lafiya ba. Ma'aikata suna ganin girmansa, suna gaishe shi daga nesa. In ya zauna a ɗakin cin abinci wani zai ce, "Mai Awo, kai in an ɗauke wuta ba ka buƙatar fitila, ko?" A yi dariya, shi ma ya yi. Amma kujerar da ke kusa da shi ba ta cika samun mai zama ba. A hankali ya daina zuwa, ya koma cin abincinsa a kan teburin aiki, tsakanin sukundireba da matattun batura.

Gida ma shiru ne. Matarsa ta tafi wani gari mai nisa don ta taya 'yarsu tilo rainon tagwaye, da cewa ba za ta daɗe ba. Yanzu tagwayen har sun fara tafiya. In ya kira ta, hira ba ta nisa sai ɗaya ya fasa kuka, ta ce, "Bari in kira ka anjima." Ba da gangan take mantawa ba, ya sani.

A farkon wani mako aka kwantar da wani tsohon tela a ɗakin killacewa da ke hawa na sama. An yi masa aikin maƙoƙo watannin baya, yanzu kuma likita ta ba shi ƙwayar magani mai radiyeshan don ta ƙone ragowar ciwon. Wanda ya haɗiye wannan ƙwaya sai an ware shi 'yan kwanaki, domin jikinsa da guminsa da yawunsa duk suna fitar da tiririn. An shimfiɗe ƙasan ɗakin da leda, an naɗe hannun ƙofa da famfo da ita. Abinci a kan wani ɗan tebur na bakin ƙofa ake ajiye masa, a ƙwanƙwasa, a wuce. Tagar ɗakin bangon tankin ruwa take kallo. A ƙasa kuma akwai layi mai ruwan ɗorawa wanda ba wanda ke tsallakewa.

A kan wannan layi Mai Awo yake tsayawa safe da yamma, ya nuna tsohon da na'urarsa, ya duba inda allura ta tsaya.

Ranar farko tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne mai awon da ake faɗa?"

"Ni ne, Baba."

"To ai abokin sana'a na samu. Ni ma tun kafin a haife ka tef ke rataye a wuyana. Sai dai ni ban taɓa auna mutum daga can nesa kamar mai tsoron kare ba."

Mai Awo ya yi dariya, har ya ji muryarsa ta yi masa baƙo.

Awon ba ya ɗaukar lokaci, amma sai ya riƙa tsayawa bayan ya gama. Ya koma can bakin ƙofa inda tiririn ya yi rauni, ya jingina da bango, Baba Tela na zaune a bakin gado, su yi ta hira da ɗan ɗaga murya. Tsohon ya ba shi labarin masu kawo ɗinki: yadda maza ke shanye ciki in ana auna ƙugunsu, sannan su dawo suna cewa wando ya matse. Ya ce tun rasuwar matarsa yake zaune a gidan babban ɗansa, kuma matar ɗan tana da tsohon ciki. Ya riga ya yanka 'yan riguna, suna can a shago suna jiran ya dawo ya haɗa.

"Kai fa? Wa ke jiranka a gida?"

"Firij, Baba. Shi kaɗai ke magana a gidan."

"Af! Ashe kai ma killace ka aka yi, ba a dai shimfiɗa maka leda ba."

Kullum allurar ƙasa take ƙara yi. Da mako ya zo ƙarewa, likita ta ce in awon yamma ya sauka ƙasa da iyaka, a sallame shi.

Na'urar ba ta fi girman burodi ba. Tana da mariƙi a sama, da gilashi mai allura, da maɓallai huɗu a ƙarƙashin roba. Ɗaya daga cikinsu shi ke sauya mataki, kamar giyar mota. Akwai matakin da ake auna mutum da shi, akwai kuma na can ƙasa mai saurin ji, wanda ake neman ɗigon magani da shi in ya zuba a ƙasa. Wannan maɓalli ya ɗan kwana biyu yana gardama, wani lokaci sai an danna shi sau biyu. Mai Awo yana jiran na'urarsa ta biyu ta dawo daga inda aka aika ta gwajin shekara, sannan ya buɗe wannan a tsanake.

Da yamma ya hau sama ya tarar da ɗan Baba Tela a baranda, da kayan ofis a jikinsa da makullin mota a hannu. Tsohon kuwa ya ninke zanin gado, ya sa hularsa, yana tsaye a tsakiyar ɗaki kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Mai Awo ya tsaya a kan layi, ya kunna na'ura, ya danna maɓallin mataki. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfi, sai maɓallin ya yi tsalle ya wuce inda ake so, ya faɗa mataki mai saurin ji. Allura ta tafi ta bugi ƙarshen gilashi, na'urar ta kece da ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano.

Ɗan ya ja da baya har ya ture keken magunguna.

"Mene ne wannan? Me ya faru?"

"Maɓalli ne ya tsallake, ba Baba ba ne," in ji Mai Awo, yana ta danna abin don ya dawo da shi. Ya ƙi dawowa. Sai da ya kashe na'urar gaba ɗaya ƙarar ta tsaya.

"Malam, da idona na ga allurar nan."

"A wannan mataki ko tsohon agogo mai haske ka kawo zai sa ta yi haka. Da safe na auna Baba, saura kaɗan ya rage."

Ɗan bai ji ba, ko ya ji bai shiga ba. Idonsa na kan mahaifinsa, amma ƙafafunsa baya suke yi. Ya ce, "Baba, bari in je, zan kira." Ya sauka matakala bai jira lif ba.

Likitar ta zo, ta saurara, ta ce ta yarda da Mai Awo ɗari bisa ɗari, amma ba za ta sallami mutum da na'urar da ba ta tsaya a matakinta ba. Aron wata daga wani asibiti kuwa sai an shiga sabon mako, ofisoshi duk sun tashi.

Baba Tela ya cire hularsa ya ajiye a kan zanin da ya ninke, ya zauna kusa da ita.

Mai Awo ya sauka ɗakinsa da na'urar a hannu. Ya kunna fitilar tebur. Ya fara daga inda ake farawa: ya cire batura ya auna su, lafiyarsu ƙalau. Ya goge bakin ƙarfen da suke taɓawa. Sannan ya kwance sukurori ya jera su a murfin gwangwani, ya ɗaga fuskar na'urar. A ƙarƙashin robar maɓallan ya ga wani farin abu ya bushe kamar gishiri. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake goge ta da shi bayan kowane awo, ya riƙa sulalewa ta gefen roba. Ya ji ɗan sanyi a ransa. Ya jiƙa auduga da sifirit ya goge allon lantarkin da maɓallan ke zaune a kai, ya goge robar, ya ɗiga kaɗan a cikin maɓallin kansa yana dannawa har ya bushe.

Ya mayar da komai, ya ajiye ta a kan tebur ya gwada. Duk dannawa ɗaya, mataki ɗaya. Ya yi ta yi har yatsansa ya gaji, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Da sauri ya hau sama, har yana haki. "Baba, tashi, an gyara."

Tsohon ya miƙa hannu wajen hularsa.

Mai Awo ya riƙe na'urar ta mariƙi, ya ɗaga ta, ya danna. Shiru. Ya sake. Ta tsallake mataki biyu, ta dawo ɗaya da kanta. Ya yi maza ya kashe kafin ta yi ƙara.

Can sai Baba Tela ya janye hannunsa daga hular ya ce, "Wai me ka ce sunan abin da ya lalace?"

"Maɓalli."

"Maɓalli! Ikon Allah. Ni da na ƙare rayuwata a kan maɓallan mutane, yau maɓalli ne ya ɗaure ni. Miƙo shi nan, da allura da zare, kafin ka ƙifta ido na kafe maka shi."

Dariya ce yake nema, amma Mai Awo ya kasa ba shi. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Da na buɗe ta tun da ta fara gardama, da yanzu kana gida."

"Je ka ka huta. Gadon nan ba gudu zai yi ba. Yaron nan kuma kada ka ga laifinsa, tun yana ƙarami ko ƙadangare ya gani sai ya hau kaina."

A hanyar gida, cikin cunkoson motoci, abu ɗaya ke yi masa yawo a kai: a kan tebur tana yi, a hannu ba ta yi. Ya shiga gida, ya dafa shayi, ya manta da shi har ya huce. Ya kira matarsa, 'yarsa ce ta ɗauka, ta ce Mama na yi wa yara wanka, lafiya dai? Ya ce lafiya lau.

Washegari ba ranar aikinsa ba ce, amma tun da sassafe ya iso. Ƙasan ginin tsit, injinan wanki ma ba a tayar ba. Ya sake kwance na'urar, wannan karon ya fito da allon gaba ɗaya, ya juya bayansa. Ya ɗauko mitarsa ta gwada waya, ya sa ta a inda take kuka in wuta ta ratsa, ya maƙala bakinta biyu a hanyar maɓallin. Ya danna, ta yi kuka. Ya saki, ta yi shiru. Lafiya ƙalau ke nan, kamar jiya.

Sai ya ɗaga allon daga kan tebur, ya riƙe shi ta gefe biyu yadda yake zama a cikin akwatinsa, tsakiyarsa a iska. Ya danna. Kukan ya fito a tsinke, ya ɗauke, ya dawo. Ya sa tsinken katako ya ɗan tura tsakiyar allon daga baya, kukan ya daidaita. Ya janye, ya sake tsinkewa.

Ya jawo gilashin ƙara girma, ya karkato fitila. Maɓallin ƙafa huɗu gare shi, kowace an kafe ta da dalma a jikin allon. Uku suna sheƙi. Ta huɗun kuwa akwai wani siririn layi da ya zagaye ta kamar zobe, bai kai kaurin gashi ba. Dalmar ta tsage. In na'urar na kan tebur, teburin na tokare bayanta, tsagar ta haɗe bakinta. In aka ɗaga ta a hannu, allon ya ɗan lanƙwasa, tsagar ta buɗe.

Amma me ya sa allon ke lanƙwasa? Ya duba cikin akwatin. Daidai bayan maɓallan akwai wani ɗan ginshiƙi da ya kamata ya tokare allon, sukuronsa ya kwance, yana lilo. Wa ya san tun yaushe. Shekara da shekaru ana danna wuri ɗaya ba abin da ke riƙe da shi, in ya yi gardama kuma a ƙara masa ƙarfi.

Ya jona ƙarfen narka dalma ya jira ya yi zafi. Ya tsotse tsohuwar dalmar, ya zuba sabuwa a ƙafar da ta tsage, sannan ya bi sauran ukun ma. Hayaƙin ya tashi siriri ya shiga hasken fitila. Ya ɗaure ginshiƙin tam, ya liƙe gefen robar inda ruwa ke shiga, ya rufe.

Bai yarda da tebur ba kuma. A tsaye ya gwada ta, a hannu ɗaya, a karkace, a kife. Ya jijjiga ta, ya yi yawo da ita daga bango zuwa bango yana dannawa. Ya danna a hankali, ya danna da mugunta. Ba ta tsallake ba. Daga nan ya buɗe akwatin ƙarfen da ke kusurwa, ya fito da ɗan faifan gwaji mai ƙaramin radiyeshan da aka san adadinsa, ya ɗora a gaban na'urar. A kowane mataki allura ta tsaya inda ta saba tsayawa tun gwajin shekarar da ta wuce.

Ya kira likitar a gida. Ta zo da takalmin soso da ƙaramar 'yarta a mota. Ta sa ya maimaita gwajin faifan a gabanta, ta karɓi na'urar ta danna da hannunta, sannan suka hau sama tare.

Baba Tela na kwance, fuskarsa wajen bango, abincin safe na kan ɗan teburin ba a taɓa ba. Da ya ji su ya tashi zaune a hankali.

"Yau kuma wace waƙa za ta yi mana?"

"Tsaya dai, Baba."

Ya tsaya. Mai Awo ya ɗaga na'urar, ya danna sau ɗaya. Allura ta ɗaga kai kaɗan, ta yi rawa, ta zauna ƙasa da iyaka sosai. Likitar ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta ce, "Baba, ka sa hularka."

Ita ta fara kiran ɗan, ta yi masa bayani, sannan ta miƙa wa Mai Awo wayar. Ya gaya masa abin da ya samu a cikin na'urar, ya gaya masa inda allura ta tsaya yanzu. Ya ce abin da ya rage ƙa'idoji ne masu sauƙi na 'yan kwanaki: Baba ya kwana shi kaɗai, ya ware kofinsa da tawul ɗinsa, kada ya zauna kusa da mai ciki.

Ɗan ya saurara har ƙarshe. Muryarsa ta mutumin da bai yi barci ba ce. Ya ce, "Malam, na gode, wallahi na gode. Amma gidan ɗaki biyu ne, banɗaki ɗaya. Jiya na yi kuskure na gaya wa matata abin da na gani, tun lokacin take kuka. Ciki biyu muka rasa kafin wannan. Na gyara masa shago. Na kai sabuwar katifa da fanka. Abinci ni zan riƙa kai masa da kaina. Don Allah kai ka gaya masa, ni bakina ba zai iya ba."

Mai Awo ya gaya wa tsohon daga bakin ƙofa, yana kallon ledar ƙasa.

Baba Tela ya gyara zaman hularsa. Ya ce, "Ya yi daidai. Ni na ci zamanina, wanda ke zuwa ko numfashi bai fara ba."

"Baba, gidana akwai ɗaki ba kowa a ciki. Da banɗakinsa. Ba mai ciki, ba yaro, ba kowa. Mu je can."

Tsohon ya girgiza kai.

"Allah ya yi maka albarka. Amma in na bi ka, yaron nan ba zai ƙara iya haɗa ido da ni ba. Za a ce bare ya ɗauki ubansa. Shago kuwa nawa ne, in na kwana a ciki ba wanda ya kore ni. Ka dai rage mini hanya."

Mai Awo ya zaunar da shi a kujerar bayan motarsa, ɓangaren da ya fi nisa da direba, suka sauke gilasai duka. Baba Tela ya riƙa leƙa titi kamar wanda ya shekara bai fita ba, yana sukar ɗinkin masu wucewa. "Dubi kafaɗar wancan. Wanda ya yi masa wannan aiki ba ya tsoron Allah."

Shagon siriri ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinki a gaba, teburin yanka a gefe, yaduka a jere har rufi. An matsar da teburin an shimfiɗa katifa, ledarta ma ba a cire ba. A bakin ƙofa an ajiye kular abinci da jarkar ruwa. Can tsallaken titi ɗan yana tsaye jikin motarsa. Ya ɗaga hannu, ya rusuna daga inda yake.

Tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Na gani, komai ya yi. Je ka gida, kada ka bar ta ita kaɗai."

Ɗan bai tafi nan da nan ba. Sai da mahaifinsa ya shiga ya zauna a gaban keke ya cire masa mayafi, sannan ya tayar da mota.

Kwanakin da suka biyo baya, in Mai Awo ya tashi daga aiki ba ya miƙewa gida. Ya bi ta shagon, ya zauna a bencin waje, tsohon na ciki yana haɗa 'yan rigunan jariri. Baba Tela ya hana kansa karɓar ɗinkin mutane tukuna, waɗannan ma ya ce sai an wanke su an ajiye kafin a sa wa kowa. Maƙwabta sun ji labari, suna gaisuwa daga nesa su wuce. Mai Awo yakan zo da shayi a fulas, kowa da kofinsa. Wata rana su yi hira, wata rana ƙarar keke kawai. Ya samu kansa yana duba agogon bango tun azahar, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ran nan ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofar. Mai gyaran waya ya ɗago kai ya ce, "Tsohon? Ai ɗansa ya zo ya ɗauke shi da rana. Matar ta sauka, an samu mace. Har jakarsa yaron ya ɗaukar masa, suna ta dariya."

"Madalla," in ji Mai Awo. "Kai, madalla."

Ya ɗan zauna a bencin da fulas ɗinsa a cinya. Da ya ga mai fenti na jawo ƙofarsa, ya tashi.

Sai bayan wasu makonni ya sake bi ta layin. Tun daga nesa ya ji ƙarar keke. Shagon a cike yake: mata biyu na gardama a kan launin yadi, wani mai ƙiba ya ɗaga hannuwa ana auna shi, bencin waje kuma masu jira sun cika shi. Baba Tela ya yi ƙiba kaɗan, muryarsa ta dawo. Da ya hango shi ya yi ihu, "Ga mutumina! Jama'a, wannan ne ya fito da ni daga kurkuku. Ku matsa masa, ku matsa masa!"

Aka ɗan motsa, amma ba wurin da za a matsa. Mai Awo ya ce a bar shi, a tsaye ma ya yi. Tsohon ya lalubo waya ya nuna masa hoton jaririyar cikin rigar da ya ɗinka, ta yi mata yawa har hannuwanta sun ɓace. Ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi mai ɗakinsa, kafin ya amsa ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, ni fa sauri nake." Mai ƙiban ma hannuwansa sun gaji.

"Ina zuwa, ina zuwa. Kada ka tafi fa, yanzu zan sallame su."

Mai Awo ya tsaya a gefen ƙofa, yana kaucewa masu shiga da fita. Wasu mutum biyu suka ƙaru da ledojinsu. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Baba, bari in ƙarasa, sai na sake zagayowa."

Tsohon na durƙushe a gaban mai ƙiban, bakinsa cike da fil. Ya ɗaga masa hannu, ya yi wata magana da ba ta fita ba.

Mai Awo ya taka zuwa inda ya ajiye mota. Gari ya fara rufawa, masu shaguna na kunna fitilunsu. A kantin kusurwa ya tsaya ya sayi ƙaramin burodi da ƙwai, ya ajiye a kujerar gefensa, ya jira wata babbar mota ta wuce, sannan ya hau titi.